Eriyar oba-oba a kan mota mai jikin alminiyom: yadda wani direba ya sha fama da girawun

## Asalin lamarin

Mutumin da za a yi magana a kansa direba ne, ɗan Nijar, yana zaune a Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, garin da 'yan Nijar suke da yawa sosai. Ba zan kama suna ba, Alhaji kawai za mu riƙa ce masa. Sana'arsa jigilar motoci, ya ɗauko su daga wuraren gwanjo ya kai su tashar jirgin ruwa ta Baltimore ko Savannah inda ake lodinsu zuwa Kwatano da Legas. Motar aikin nasa a-kori-kura ce, Ford F-350 ƙirar 2019 mai taya huɗu a baya, tana jan tirela mai ɗaukar mota uku. Ni kuma aikina riwaya, wato gyaran wayarin mota, shi ya sa maganar ta biyo ta kaina.

Abin da yake so ya saka shi ne rediyon CB, wato irin oba-oban da direbobin manyan motoci ke magana da juna da shi a hanya. A Amurka ba a neman lasisi kafin a yi amfani da shi, tashoshi 40 gare shi daga 26.965 zuwa 27.405 MHz, tasha ta 9 ta neman agaji ce, ta 19 kuma nan direbobi suke taruwa, wane ya ce akwai gosulo a gaba, wane ya ce an rufe hannu ɗaya, wane ya ce ka rage gudu akwai hatsari bayan kwana. Doka ta ƙayyade ƙarfinsa a wat 4 kacal a AM, kaga kenan kowa ƙarfinsa ɗaya, bambancin mai kai mil biyar da mai kai rabin mil kusan duk a eriya yake.

Dalilin Alhaji na neman sa ba ado ba ne. Yana yawan bin babbar hanyar I-77 ta duwatsun Virginia, kuma akwai wani gangare a wurin da ake kira Fancy Gap wanda hazo ke rufewa ruf, a nan ne motoci 95 suka yi karo da juna a ƙarshen watan Maris na 2013. A irin wannan wuri kafin manhajar waya ta gaya maka an tsaya a gaba ka riga ka iso, amma direban da ke gabanka da mil biyu zai faɗa a tasha ta 19 tun yana taka birki.

## Mako na biyu na Janairu: mayen ƙarfe ya ƙi kamawa

Ya sayi rediyo Cobra 29 da wata eriya mai gindin mayen ƙarfe, irin wadda ake ɗorawa a rufin mota ta manne da kanta ba sai an huda komai ba. Ya ɗora a rufi sai ta zame, ya goge wurin ya sake ɗorawa ta sake zamewa, har ya fara tunanin jabu aka sayar masa. Ba jabu ba ce. Tun daga ƙirar 2017 kamfanin ya mayar da kan motar da bodin bayan wannan jerin motocin alminiyom, shasin ne kawai ƙarfe, kuma mayen ƙarfe ba ruwansa da alminiyom.

Sai ya duba bayan motar ya ga akwatin kayan aikinsa na ƙarfe ne, ya ɗora eriyar a kan murfin, ta kama gam. Ya ja kebul ta ƙofar baya, ya sa wutar rediyon a ramin kunna sigari, ya kama hanya. Yana jin mutane, musamman idan babbar mota na kusa da shi, amma idan ya danna ya yi magana ba mai amsawa, sai wanda ke gefensa daf da daf. Bai auna komai ba a wannan matakin, bai ma san ana awo ba.

Wurin da ya ajiye ta yana da matsala biyu. Murfin akwatin yana ƙasa da rufin motar sosai, fiye da rabin eriyar na tsaye a bayan kan mota tazarar da ba ta wuce taƙi biyu ba, sannan akwatin kansa ɗan ƙarami ne kuma a kan shimfiɗar roba yake zaune, bai taɓa jikin motar ta ko'ina ba. Ya yi kusan mako biyu a haka.

## Ƙarshen Janairu: sabuwar eriya da jar fitila

A wata tashar manyan motoci aka ce masa ai eriyar ce ƙarama, ya sayi ta faiba. Ya sayi mai tsawon ƙafa 4, irin wadda ke da ɗan noti a can ƙoli ƙarƙashin hular roba, ana murɗa shi a ƙara mata tsawo ko a rage, ya haɗa da biraket, wato ƙarfen da ake ɗaure eriyar a kai, da kebul mai ƙafa 18. A bayan kan motarsa akwai wani firam na ƙarfe da ake sakawa don kare gilashin baya daga kaya, sabo fil, baƙin fenti mai kauri irin wanda ake gasawa a wuta. A jikin firam ɗin ya ɗaura biraket, ɓangaren direba, a tsakiyar tsayinsa.

Yana danna makirfo sai wata jar fitila ta kama a fuskar rediyon, wadda aka rubuta ANT a kanta. A nan ne ya turo min hoto ta WhatsApp yace "ƙanena duba min wannan, ko rediyon ne ya lalace". Nace Alhaji don Allah kar ka ƙara danna shi tukuna, fitilar nan cewa take eriya ba ta karɓar abin da rediyo ke tura mata.

Awon da ake yi sunansa SWR, kuma abin da yake nunawa shi ne nawa ne daga cikin ƙarfin da rediyo ya tura ya dawo masa baya. Idan mita ta nuna 1.5 kashi 4 cikin ɗari ne ke dawowa, ba komai. A 2 kashi 11 ne, ana iya zama da shi. A 3 kashi 25 ne, kuma daga nan zuwa sama abin da ke dawowa zafi yake zama a cikin rediyon, in aka dage da surutu sai taransistocin ƙarshe su ƙone. Rediyon nasa yana da mitar a jikinsa, na koya masa ta waya yadda zai saita ta, allurar ta tafi can ƙarshen ja a tasha ta 1 da ta 20 da ta 40 duka.

In allura ta kwanta a ƙarshe haka a ko'ina, yawanci ba maganar tsawon eriya ba ce, wani abu ne ya haɗu da bai kamata ya haɗu ba ko ya yanke. Nace ya zuƙo min hoton gindin eriyar kusa. A jikin biraket akwai rami, ta ƙasa ake zuro soket ɗin da kebul ke shiga, ta sama kuma a sa wata farar washa ta roba mai ɗan wuya, wuyan ya faɗa cikin ramin, sannan washar ƙarfe, sannan dogon notin da eriya ke ɗaurewa a kai. Aikin farar washar nan shi ne ta hana ƙarfen tsakiya taɓa biraket, shi kuma jikin soket ɗin na waje dole ya taɓa biraket ta ƙasa. A hoton sai ga farar washa a ƙasa. Wato an juya lamarin gaba ɗaya, wanda ya kamata ya taɓa an raba shi, wanda ya kamata a raba ya taɓa.

Ya cire eriyar ya cire kebul daga bayan rediyo ya gwada da mitar lantarki mai ƙara. Tsinken tsakiyar fulogin kebul zuwa biraket, ƙiii. Jikin fulogi na waje zuwa biraket, shiru. Ya kwance ya mayar da washar sama, ya sake gwadawa, yanzu tsakiya shiru waje ƙiii, yadda ake so. Awo bayan gyaran: tasha ta 1 ta ba da 3.1, ta 20 ta ba da 3.0, ta 40 ta ba da 3.2. Rediyon bai ƙone ba, Allah ya taimaka bai yi dogon magana da shi a haka ba.

## Fabrairu: waya zuwa batir, sabon kebul, da maganar linya

An sauko daga ƙarshen ja amma har yanzu ana bakin 3, kuma lambobin kusan ɗaya suke daga farkon tashoshi har ƙarshe. Ya murɗa notin ƙoli sama, ya murɗa ƙasa har ya ƙure, allurar da ƙyar take motsi. Wani abu kuma da ya lura da shi da kansa, in ya kama kebul ɗin da hannu ko ya matsar da shi daga ƙarƙashin kujera zuwa gefe sai awon ya canza, in ya buɗe ƙofa ma ya canza.

Nace masa wannan alamar rashin girawun ce, wato gindin eriya bai haɗu da jikin mota ba. Tsawon zangon igiyar CB kusan mita 11 ne, sandar eriyar mota kuma kwata ɗin wannan take wakilta, shi ya sa doguwar bulalar ƙarfe ta asali take da inci 102, su kuma gajerun na faiba waya aka nannaɗe a jikinsu don ta cike gurbin tsawon. To amma sandar rabin eriya ce kawai, ɗaya rabin jikin motar ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In sandar ba ta samu faffaɗan ƙarfe a gindinta ba sai ta kama abin da ta samu, a nan kuma abin da ta samu shi ne saƙaƙƙiyar rigar ƙarfen kebul ɗin ta waje, shi ya sa taɓa kebul ke motsa allura. Na ce a kankare fentin da ke ƙarƙashin biraket, sannan a haɗa firam ɗin da bodi da shasi.

Alhaji ya ƙi. Kuma yana da hujja, firam ɗin sabo ne da kuɗinsa, sannan wanda ya ɗaura masa shi ya sa wasu faifan roba tsakanin ƙafafun firam ɗin da bakin bodi, ya kuma gargaɗe shi cewa in ƙarfe ya zauna kai tsaye a kan alminiyom ga ruwa ga gishirin hanya, alminiyom ɗin ne zai ci kansa. Wannan gaskiya ne, ba ƙarya mutumin ya yi ba. Sai dai robar da ke kare bodin ita ce kuma ta raba eriyar da motar.

Maimakon haka sai ya bi shawarar wani abokin aikinsa, ya samo siririyar wayar lantarki ya ɗaura a notin biraket, ya bi da ita ta ƙarƙashin mota har kan batir ɓangaren nagetif, tsawonta ƙafa 10 da 'yan kai. Ya sa mita tsakanin biraket da batir ta yi ƙara, ya kira ni da murna yace girawun ya samu. Awo: 2.9, 2.8, 3.0. Kusan ba abin da ya canza.

Mako na uku na watan sai zargi ya koma kan kebul. Ya sayi wani sabo mai ƙafa 18, don an ce masa dole sai 18, in ba haka ba ba ya aiki, abin da ya yi saura kuma ya naɗe shi tam kamar zobe ya ɗaure da tef ya cusa ƙarƙashin kujera. Awon ya sauko, 2.4 a tasha ta 1, 2.1 a ta 20, 2.5 a ta 40, jar fitilar ma ta daina kamawa. Ya gwada da wani ɗan uwa mai irin rediyon a kan hanyar I-40, suna wuce rabin mil da ɗan abu muryarsa ta ɓace. Lamba ta yi kyau a mita, nisa yana nan inda yake.

A cikin wannan watan ne aka kawo masa maganar linya, na'urar da ke ƙara wa rediyo ƙarfi ya tashi daga wat 4 zuwa ɗari ko fiye. Haramun ce a dokar hukumar sadarwar Amurka, FCC, a kan tashoshin CB, kuma ko da ba doka, ƙara ƙarfi a kan eriyar da kebul ɗinta ke watsa sigina a cikin mota neman rikici ne da kwamfutar motar. Bai saya ba, kuɗin ne ma suka yi masa yawa.

## Asabar ta biyu a Maris: ranar da aka kwance komai

Ya kawo motar wani fili babba da ba gini ba bishiya ba wayar lantarki a kusa, don awo a cikin gareji ko a gindin bango ƙarya yake yi. Na zo da mitar SWR ta daban da ɗan gajeren kebul na haɗa ta a bayan rediyo, ta jikin rediyo tana nuna hanya amma ban cika dogara da ita a aikin saiti ba. Duk awon da za a yi ƙofofi a rufe, mutum yana ciki, ba wanda ke tsaye kusa da eriya. Sharaɗin da muka yi shi ne abu ɗaya za a canza a auna, sannan a taɓa na gaba.

Da farko aka cire wayar batir ɗin nan, aka warware zoben kebul aka shimfiɗa shi a sake, dogon naɗi mai kamar lamba 8 wanda ya fi ƙafa ɗaya tsawo. Awo ya koma 3.0, 3.0, 3.1. Alhaji ya dube ni yace "ƙanena ai ka mayar da mu baya". Nace eh, wannan ce lambar gaskiya, waccan kwalliya ce.

Na biyu aka ɗaga biraket daga tsakiyar firam zuwa can samansa, yadda gindin eriyar ya zo daidai da rufi, duk sandar tana sama a sarari. Rufin motar bai kai ƙafa 7 ba, da eriya an tashi kusan ƙafa 11, ƙasa da ƙafa 13 da inci 6 da aka saba ƙayyadewa a hanyoyin gabashin ƙasar. Kafin a ɗaure na sa samfefa na kankare fentin wurin da biraket zai zauna, faɗin bai wuce kwalin ashana ba, sai da ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli. Fentin nan fa kauri gare shi, ba ya fita da wasa, Alhaji yana tsaye yana kallo kamar fatarsa ake kankarewa. Aka sa washa mai haƙora, aka ɗaure tam. Awo: 2.5, 2.6, 2.8.

Na uku shi ne babban aikin. Na zo da saƙaƙƙiyar waya mai faɗi, faɗinta inci ɗaya, ta jan ƙarfe ce amma an yi mata rufin kuza, da kawunanta masu rami su ma masu rufin kuza. Robar da ke ƙarƙashin ƙafafun firam ba a taɓa ta ba, tana nan tana aikinta, tsallake ta kawai aka yi. Aka kankare ɗan wuri a ƙafar firam, aka kankare ɗan wuri a cikin bakin bodi, aka haɗa su da yanki mai tsawon inci 6, noti da washa na ƙarfen da ba ya tsatsa, aka shafa man hana tsatsa irin wanda masu wayarin ke sawa a mahaɗar alminiyom kafin a ɗaure, bayan an ɗaure kuma aka sake shafe wurin. Aka yi haka hagu da dama. Awo: 1.9, 2.2, 2.6.

A nan ne lambobin suka fara magana. Da duk ɗaya suke, yanzu sun jera, ƙasa a tasha ta 1 sama a ta 40, kuma na sa Alhaji ya kama kebul ya jijjiga, allura ta ɗan motsa kaɗan ba kamar da ba.

Na huɗu aka shiga ƙarƙashin mota. Bodin baya zuwa shasi, yanki mai inci 10 kowane gefe, kan mota zuwa shasi shi ma haka, don kan mota a kan robobi yake zaune. Ba a huda shasi ba, akwai ramuka da kamfani ya bari, su aka bi, aka kankare gefensu. An bar wa kowane yanki ɗan sassauci saboda bodi da shasi suna motsi daban-daban in mota na tafiya, in ka ja shi tam zai tsinke. Awo: 1.5, 1.8, 2.3. Jijjiga kebul yanzu ba ya motsa komai.

Sai na biyar, saitin tsawo, abin da ya yi ta fama da shi a Fabrairu ba amfani. Ƙa'idar ita ce in awon tasha ta 40 ya fi na ta 1 eriya ta yi tsawo, in na ta 1 ne ya fi ta yi gajarta. Tamu ta yi tsawo. Aka riƙa cire hular roba a murɗa notin ƙasa kamar kwatan inci, a mayar da hular, a shiga mota a rufe ƙofa a auna, don ita kanta hular tana canza awo, in ka saita babu ita ka mayar daga baya ka ɓata aikinka. Yanzu kowace murɗa allura na amsawa. Inda aka tsaya: 1.4 a tasha ta 1, 1.2 a ta 20, 1.5 a ta 40.

Da aka jona tirela lambobin suka ɗan gusa, ta 40 ta hau 1.7, sai aka ƙara murɗawa kaɗan tirelar na jone tunda haka motar take yini. Daga ƙarshe aka naɗe fulogin gindin eriya da tef mai manne kansa, irin fulogin nan ba ya hana ruwa shiga. Kayan da aka sa ranar gaba ɗaya ba su kai kuɗin kebul ɗin da ya saya a Fabrairu ba.

## Afrilu: gwaji a hanya da ƙarar inji

Aka sake gwaji da ɗan uwan nan a wuri ɗaya a I-40. Yana gaba Alhaji na baya, magana tana fita tas har mil 4, ana fahimtar juna da ƙyar zuwa wajen mil 5. Da suka juya, Alhaji a gaba da motoci uku a kan tirela, nisan ya ragu zuwa kamar mil 3. Motar da ke saman tirela ta fi eriyar tsayi, tana tare ta baya. Ba a yi komai a kan wannan ba, shi dama na gaba yake son ji.

Wata matsala ta fito da ba a lura da ita da ba, wani siririn kuka a lasifika da ke hawa in an taka totur ya sauka in an saki. An cire kebul ɗin eriya daga rediyo kukan bai tafi ba, kenan ta wayar wuta yake shigowa ba ta sama ba. Aka cire rediyon daga ramin sigari aka ja masa wuta daga batir da fis a kusa da batir ɗin, kukan altaneta ya ragu har ba a jin sa in ana tafiya. Sauran shuuu ɗin da ya rage kuma cajar wayarsa ce, wata mai arha, yana zare ta sai shiru. Ya canza caja.

## Disamba: bayan gishirin hanya

Daga Afrilu har Nuwamba ba abin da ya taso, yana auna wa duk wata, lamba tana tsakanin 1.2 da 1.6. A tsakiyar Disamba ya yi tafiye-tafiye Pennsylvania da Ohio lokacin dusar ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, da ya dawo awon tasha ta 20 ya hau 2.3.

Aka bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya. Biyar ba abin da ya ci su, man yana nan. Ta shida, bodi zuwa shasi ɓangaren fasinja, wani farin gari ya taru a kanta kamar toka, alminiyom ɗin gefen ramin ya yi ƙuraje. Ashe yankin wurin ya tsinke a watan Oktoba lokacin da aka canza masa wani abu a ƙarƙashin mota, ya maye shi da kansa da wanda ya samu, mai kan jan ƙarfe tsirara ba rufin kuza, kuma bai shafa mai ba. Jan ƙarfe a kan alminiyom ga ruwan gishiri, abin da mai ɗaura firam ya ji masa tsoro kenan tun farko, sai dai ta wata ƙofar ya shigo. Ɗayan gefen kuma notin ya ɗan saki. Aka goge wurin aka sa yanki irin na farko da mai, aka ɗaure na ɗaya gefen. Awo: 1.4, 1.3, 1.5.

## Abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba

Rediyon ba shi da laifi, eriyar faibar ba ta da laifi, kebul na farko ma lafiyarsa ƙalau, an gwada shi daga baya. Ita ma ta mayen ƙarfen da a kan rufin ƙarfe aka ɗora ta da ta yi aikinta. Matsala uku ce ta hau kan juna, washa a juye, eriya a ɓoye bayan kan mota, da gindin eriya da bai haɗu da jikin mota ba, kuma ta ukun ce ta cinye wata guda da rabi saboda mitar lantarki ta ce an haɗu.

Ƙarar mitar nan wutar batir take gwadawa, wadda za ta bi kowace waya komai siranta komai tsawonta. Sigina mai kaɗawa sau miliyan 27 a daƙiƙa ba haka take ba, a fatar ƙarfe take gudu ba a cikinsa ba, shi ya sa faffaɗar waya ta fi siririya, kuma tsawo yana mata nauyi ƙwarai. Wayar da ya ja zuwa batir ta ma faɗa a mafi munin tsawo, kusa da kwatan zango wato ƙafa 9, a wannan tsawon wayar da aka ɗaure ƙarshenta a girawun ta ɗaya bakin kamar a yanke take. Da inci 6 ce da labarin ya bambanta. Saukar da aka gani bayan sabon kebul kuwa, naɗin da sabon shimfiɗin ne suka canza abin da mita ke gani, tunda a lokacin kebul ɗin ya zama ɓangaren eriya, shi ya sa nisa bai ƙaru ba. In eriya ɗaya ce kuma girawun ɗinta ya yi kyau, ƙafa 18 ba farilla ba ce, tsawon da ya isa daga rediyo zuwa biraket ya wadatar.

Tsoron da Alhaji ya ji na kankare fenti ban ga laifinsa ba, abin da ya faru a Disamba ya nuna yana da tushe. Inda na saɓa da shi shi ne zaɓin bai tsaya tsakanin bodi ya ruɓe ko rediyo ya yi shiru ba, roba ta zauna a inda nauyi yake, haɗin lantarki kuma a yi shi a ɗan wuri ƙarami da aka zaɓa aka kare. Akwai eriyar da aka ƙera don motocin da ba su da jikin ƙarfe, mai zuwa da kebul nata na musamman, da ita ma za ta fitar da shi ba tare da kankara ba, amma yawanci ba ta kai nisan wadda ta samu jikin mota, kuma motarsa tana da jikin, alminiyom na ɗaukar sigina sarai, mayen ƙarfe ne kawai ba ya kama shi.

Ragowar aikin da ke gabansa shi ne sifirin da yake so ya sa a gindin eriya saboda rassan bishiya a wasu wuraren gwanjo. Zai ƙara mata tsawo da 'yan inci, don haka ranar da aka sa shi sai an koma fili da tirela an sake murɗa notin ƙoli.